Hoton Jinjiri a Sakkwato: Tambayoyin da Masu Jego Ke Yi Mini da Amsoshinsu

Sana'ata ɗaukar hoto ce a nan cikin garin Sakkwato, kuma yawancin aikina a ɗakunan jego nake yin sa, daga Mabera zuwa Arkilla, daga Runjin Sambo zuwa lungunan cikin gari. Tambayoyin nan su ne waɗanda ake ta maimaita mini a waya, wasu daga masu jego, wasu daga angwayen ƙarni, wasu kuma daga kakanni, waɗanda kowa ya san su ke da wuƙa da nama a ɗakin jego. Na amsa su yadda nake amsawa baki da baki. Inda magana ta taɓa lafiyar yaro, abin da likita ko ungozomar asibiti ta faɗa muku shi ne gaba da nawa.

Yaushe ya fi kyau a ɗauki hoton?

Tsakanin kwana 5 da kwana 14 da haihuwa. A ɗan wannan tsakanin jinjiri bai manta da zaman ciki ba. Yana naɗe ƙafafu, yana dunƙule hannu, barcinsa na da nauyi, ana iya gyara masa kwanciya bai farka ba. Da ya doshi sati uku sai ya fara miƙewa, ƙaramin motsi ya tashe shi, ƙurajen jarirai su feso a kumatu, wani kuma kukan yamma ya kama shi.

Sai dai mu a nan rana ta bakwai ta faɗo a tsakiyar wannan lokaci, ita ce kuwa ranar suna. Don haka zaɓi biyu nake ba mutane: ko dai kwana na 5 ko na 6, ko kuma a bari sai kwana 9 zuwa 12. Washegarin suna kada ma a fara. Baƙi ba su watse ba, ba a wanke tukwane ba, mai jego ta gaji tiɓis, yaron kuma ya sha hannu.

Masu iya sanar da mai hoto tun ciki na wata 8 sun fi samun ranar da suke so. Na san da yawa ba sa son a shirya wa abin da bai zo duniya ba, kuma ina girmama haka. Idan ku ma haka ne, ku kira a rana ta biyu ko ta uku bayan an sauka lafiya.

Tunda mai hoto zai zo ranar suna, me zai hana a haɗa duka?

Aiki biyu ne da ba sa jituwa. Hoton suna hoton jama'a ne: raɗin suna a ƙofar gida, rago, anko, 'yan uwan da suka taso daga Wurno ko Tambuwal ko Gwadabawa. Hoton jinjiri kuwa shiru yake so, da ɗaki mai mutum uku ko huɗu, da lokacin da ba mai leƙowa ya ce a yi sauri. Ranar suna tun asuba yaro ke yawo daga cinya zuwa cinya. Wanzami ya taɓa shi, an sa masa kaya masu nauyi, turare ya turnuƙe gida, lasifika na tashi. Kafin hantsi ya gaji, yaron da ya gaji kuwa ba barci mai daɗi yake yi ba, kuka yake yi. Na gwada haɗa su a farkon sana'ata don in rage wa mutane kashe kuɗi, na ga yadda yaran ke wahala, na daina.

Inna ta ce ba a ɗaukar jinjiri hoto kafin suna. Yaya zan yi?

Ki bi maganar Inna. Kwana 9 ba nisa. Babu hoton da ya kai ki ɓata wa wadda ke tashi tun assalatu tana hura miki wutar ruwan wanka. Wata tsohuwa ta taɓa ce mini, “Ɗiyata, wanga yaro ko suna bai da, in an ga hoto nai a ce wa na?” Muka bari sai kwana 10, kuma ita da kanta ta rungume shi a hoton da ya fi kowanne kyau a ranar.

Wasu gidajen kuma sukan yarda a ɗauka kafin suna, da sharaɗin kada hoto ya fita daga waya sai an raɗa suna. Ki tambaya a hankali, ki ji wanne ne ra'ayin gidanku.

Muna son hotonsa da gashin haihuwa, kafin aski.

To, ranar 5 ko 6 ke nan. Askin rana ta bakwai sunna ne, tare da sadakar nauyin gashin da azurfa, ba na ba kowa shawarar ya ɗage shi saboda hoto. Kan jinjiri bayan aski ma yana da nasa kyan. Idan aska ta ɗan karce shi, hula mai laushi ta wadatar, kada a shafa komai don ɓoye wurin.

Mun makara, har an yi arba'in. Shi ke nan?

A'a. Hoton ne kawai zai canza kama. Ba za a samu naɗewar nan ta kwanakin farko ba, amma za a samu ido a buɗe yana bin fuskar uwa, kuma tsakanin sati 6 da 8 ne yawancin yara ke fara murmushin gaske.

A gida za a yi ko mu zo sitidiyo?

Ni dai gida na zaɓa. Mai jego na wanka safe da yamma, jiki bai koma ba, wata da ɗinki, wata aiki aka yi mata. Ɗaukar ta a keke napep cikin rana da ƙura don hoto bai dace ba. Shi ma yaron rigakafin ranar haihuwa kaɗai ya samu, wato allurar BCG ta tarin fuka, da ɗigon shan-inna, da ta ciwon hanta. Na gaba sai ya cika sati 6. Duk inda za a rage masa haɗuwa da numfashin mutane, a rage.

Abin da nake buƙata kaɗan ne: ɗaki mai taga, da filin da tabarma ɗaya za ta shimfiɗu. Ba sai an sake fenti ko an sayo sabon labule ba, bango ma ba ya fitowa a yawancin hotunan.

Abu biyu a warware tun kafin ranar. Na farko, idan haihuwar fari ce kuma kina wanka a gidan iyayenki, izinin masu gidan ake nema, ba na angon ƙarni kaɗai ba. Na biyu, idan mai hoton namiji ne, gidaje da yawa ba shiga. Ko dai a nemi mace, ko a shirya masa falo ko zaure, maigida na zaune, gwaggo ko yaya ta riƙa kai yaron tana dawo da shi ciki don shan nono. Kada a bari sai ya iso da kayansa sannan a fara shawara a ƙofar gida.

Na karanta cewa sai an ɗumama ɗaki da hita. A zafin Sakkwato ma?

Wannan shawara daga Turai da Amurka ta fito, kuma a ƙasashensu daidai ce. Jinjiri na saurin yin sanyi idan an tuɓe shi, don haka masu hotonsu ke ɗaga ɗumin ɗaki zuwa kamar digiri 26 zuwa 28. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40. Aikinmu a bazara shi ne sauko da zafin, ba ƙara shi ba.

A bazara nakan fara da ƙarfe 8 na safe, in so samu a tashi kafin 11. A kunna fanka amma a juya ta ga bango. Idan akwai na'urar sanyaya ɗaki, a ajiye ta a 26 ko 27, kuma kada iskarta ta sauka a kan yaron. Idan janareta za a tayar, a kai shi nesa da taga da ƙofa, domin cikin hayaƙinsa akwai iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kisa. Don a gane ko yaro ya ji zafi, a taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, ba tafin hannu ko ƙafa ba, waɗannan kullum sun fi sauran jiki sanyi. Gumi a wuya, fuska ta yi ja, numfashi sama-sama: a warware shawul nan take. Kada kuma zafi ya sa a ba shi ruwa. Nonon uwa zalla ya ishe shi har wata 6, ko da a tsakiyar Afrilu ne. A dai yawaita ba shi.

Hunturu kuma nasa daban. Daga Disamba zuwa Fabrairu sai hantsi ya dubi ludayi nake farawa, wajen ƙarfe 10. A rufe taga tun dare saboda ƙura, da safe a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, wadda ke tayar da ƙurar ta cika iska. Babban abin da nake roƙo shi ne kaskon garwashi. Kada a bar shi a rufaffen ɗaki tare da jinjiri, irin iskar nan ta janareta shi ma yake fitarwa. A hunturu ba na tuɓe yaro gaba ɗaya, a naɗe nake ɗaukarsa, da hula.

Da damina kuwa, kada a fesa maganin sauro ko a kunna na hayaƙi a ɗakin da safen ranar. Idan hadari ya haɗu haske kan ɗauke, sai mu jira ko mu sa wata rana.

Awa nawa aikin ke ci?

Biyu zuwa uku, wani lokaci huɗu. Danna kyamara ba ya cin ko rabin wannan. Saura duk nono ne, da gyatsa, da canza famfas, da lallashi. A sa wata ta tsaya bakin ƙofa ta karɓi 'yan barka ta zaunar da su a wani ɗakin. Ke kuma ki karya kafin in zo, ki ajiye kununki kusa.

Yaya za a yi ya yi barci?

Ciki cike shi ne sirrin. Kamar awa ɗaya kafin in iso a ɗan riƙe shi a farke, a yi masa wanka, a yi masa magana. Da na yi sallama sai ki zauna ki ba shi nono ya ƙoshi sosai, a kafa shi a kafaɗa ya yi gyatsa. A sassauta famfas ɗin tun kafin nan don kada roba ta bar shaida a cinya da ciki, a kuma sa masa rigar da ake buɗewa ta gaba, wadda ba sai an zare ta kai ba. Ƙarar fanka na taimakawa, don cikin uwa ma ba shiru ba ne.

Riƙe shi a farke ba yana nufin hana shi nono ba. Sabon haihuwa na sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, duk sanda ya nema a ba shi, ko ina tsakiyar ɗauka ne.

Sai maganar da ba na sassauci a kanta. Kada a ba jinjiri komai don ya yi barci: ba maganin mura, ba na tari, ba jiƙo, ba zuma. Magungunan nan masu sa gyangyaɗi na iya danne numfashin jariri. Zuma kuwa ba a ba yaro ita sai ya shekara, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai. Idan na iso na gane an ba yaro magani saboda ni, kyamarata ba za ta fito daga jaka ba.

Za mu iya yi masa kwalliya? Kwalli, ɗan lalle, hoda?

Na san wannan amsar ba za ta yi wa kakanni daɗi ba, amma ina roƙon a bar fuskar yadda Allah ya yi ta.

Kwallin dutse da muka gada, da yawansa na ɗauke da dalma, ita kuwa dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Ga shi kuma maciyin da ya shiga idon manya shi ake kai wa nasa, ciwon ido ya biyo baya. A hoto ma kwalli kan dame da hawaye ya ɓata kumatu.

Lalle da kafur sun fi ba ni tsoro. Akwai yaran da ake haifa, musamman maza, da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma abin ya yawaita a Najeriya. Ba a gane shi da ido. Irin wannan yaro idan aka ƙunsa masa lalle, ko aka naɗe shi da zanen da ya kwana cikin kafur, ƙwayoyin jininsa kan farfashe, shawara mai tsanani ta taso. To, ina ake ajiye zane mai daraja a gidajenmu? A ƙasan akwati, da kafur. Duk abin da aka ciro daga nan, ko zanen goyon kaka ne, a wanke shi sosai a shanya a rana har warin ya fita ƙarƙaf. Idan warin ya ƙi fita, kada ya taɓa jikin yaro.

Hoda yana shaƙar ta, a bar ta. Mai kuma kaɗan ya isa, idan ya yi yawa fata kan yi ƙyalli a hoto. Saɓar fata a sati na farko da na biyu ba ciwo ba ce, kada a ɓamɓare, wanda ya yi yawa nakan rage shi a kwamfuta. Turaren wuta a yi shi a wani ɗakin.

Ke mai jego kuwa, ki yi lallenki kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ki wanke hannu fes. Hannun uwa mai jan lalle riƙe da 'yan ƙafafun jinjiri na cikin hotunan da na fi so a duk aikina.

Wane kaya za mu tanada?

Kayan suna masu duwatsu da leshi da takalmi a bar su ga ranar suna. Yawanci sun fi yaron girma, sukan haɗiye shi, kuma suna kartar fata. Shawul biyu ko uku masu laushi, marasa zane-zane, fari ko ruwan madara ko ruwan ƙasa, da hula, sun wadatar. A ajiye famfas da yawa da tawul da tsumma kusa, don fitsari da tumbuɗi da kashi dole ne, kuma babu abin jin kunya a ciki. Kayana duk masu wankuwa ne.

Abin da na fi so shi ne a duba cikin gida. Mutane kan nuna mini hotunan intanet, jariri cikin kabewar roba ko kayan zomo, alhali ga babbar ƙwarya a ɗakin Inna, ga faifai, ga tabarmar kaba, ga gwado, ga tumtum na fatar jar akuyar Sakkwato da dukawanmu suka ɗinka, fatar da duniya ta san da ita. Hular baba ko carbin kaka a gefe. Bayan shekara 20 waɗannan ne yaron zai duba ya gane gidansu.

Idan ƙwarya ko kwando za a sa shi, a ƙasa ake ajiyewa, ba kan tebur ba. A shimfiɗa zane mai kauri a ciki, a tokare ta kada ta kife, hannun babba kuma na kusa. Ba na amfani da kwanon gilashi ko wani abu mai fashewa. Alƙur'ani da allo mai rubutu ba na sa su cikin kayan ado, don yaro na iya yin fitsari a kowane lokaci.

Na ga hoton jinjiri ya yi tagumi, wani kuma yana lilo cikin zane a reshe. Ina son irinsa.

Abin da ido ya gani a waɗannan hotuna ba shi ne ya faru a ɗakin ba. Wuyan jinjiri ba ya iya ɗaukar kansa sai ya kai wata 3 zuwa 4. Hoton tagumin nan hotuna biyu ne. A na farko wani ya riƙe kan yaron ta sama, a na biyu ya riƙe tsintsiyar hannunsa ta ƙasa, sannan a haɗe su a kwamfuta a goge hannun babba. Ko daƙiƙa ɗaya ba a saki yaron ba. Na lilon ma haka: yaron na kwance a kan katifa, ko hannu na tallafe da shi, aka goge. Haɗarin shi ne wanda ya ga hoton a Instagram bai san yadda aka yi ba, ya zo ya gwada da ɗan mutane da gaske.

Ni ma dai tagumi ba ya burge ni. Mu da ko babba muka gani ya zabga tagumi sai mun janye masa hannu, me zai sa mu fara wa jinjiri da shi?

Kafin ku ba kowa aiki, ku yi masa tambayoyi huɗu. Yaya kake yin irin wannan hoton? Wa ke tsayawa kusa da yaro yayin da kake riƙe da kyamara? Kana wanke zannuwanka tsakanin yaro da yaro? Idan kana mura ranar, za ka zo? Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayoyin. Wanda ya fusata ko ya ce ku bar masa komai, ku nemi wani. A ranar kuma, idan kika ga an lanƙwasa yaro yana mutsu-mutsu, ko yatsunsa sun canza launi, ko dai zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ce a tsaya. Ba sai kin kawo dalili ba, ɗanki ne.

Ƙarin abu ɗaya: kwanciyar rub-da-ciki da kuke gani a hoto ta 'yan mintuna ce, idanu na kansa. Barcin gaske a rigingine ake kwantar da jinjiri.

Hasken filasha ba ya lalata ido?

Ba ya makantar da yaro, amma yana firgita shi ya tashe shi. Da hasken taga nake aiki. Idan ɗaki ya yi duhu nakan harba filashar ga silin ko cikin lema, haske ya sauko a tausashe, ba kai tsaye a fuska ba.

Cibiya ba ta faɗi ba, kuma idonsa ya ɗan yi ɗorawa. Mu ci gaba?

Cibiya ba matsala ba ce. Takan faɗi da kanta cikin sati ɗaya zuwa biyu. Kada a ja ta, kada a gasa ta don ta yi sauri, kada a shafa mata komai sai maganin da asibiti ta bayar. Shawul zai rufe ta, wasu iyayen ma sukan so a ɗauke ta yadda take.

Ɗorawar ido kuwa, asibiti za ku fara zuwa, ba wurina ba. Shawara kan bayyana ga jarirai da yawa a rana ta 2 zuwa ta 4 ta wuce, amma akwai mai hawa har ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma gwaji ne ke bambance su. Kada ku ce in gyara launin a kwamfuta, ba launin hoto ne abin gyara ba. Haka nan idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya wuce 60 a minti, ko ya yi laƙwas, ko cibiya na wari ko ruwa, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi ɗorawa. A nan cikin gari ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga Asibitin Ƙwararru, ga Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. Ku tafi, ku turo mini saƙo daga baya. Ɗage rana saboda rashin lafiya ba na karɓar ko kwabo a kansa. Wanda aka yi wa kaciya a asibiti shi ma a bari ya warke.

Ɗan fari ne, ina jin nauyin in rungume shi a gaban surukai. Kuma ban ga na yi kyan shiga hoto ba.

Wannan ita ce tambayar da ake yi mini da murya ƙasa-ƙasa. Kunyar ɗan fari tarbiyyarmu ce, ba zan ce ki yar da ita ba. Abin da nake yi shi ne in roƙi Hajiya su ɗan ba mu ɗakin na minti 15, in ce haske nake so in gyara. Su ma sun gane, don su ma sun yi fari. A cikin mintunan nan na ga mata da yawa sun sumbaci goshin ɗansu karon farko ba tare da waige-waige ba. Hoton naki ne, ki adana a inda kika ga dama.

Batun kyau kuma, kumburin fuska da gajiyar ido duk na jego ne, kuma mayafi mai launi ɗaya da hasken taga suna yin abin da hoda ba ta yi. Idan duk da haka ba ki son fuskarki ta fito, akwai hannu, akwai kafaɗa, akwai ta baya kina goye da shi a ƙirji. Ki dai shiga ko ta yaya. 'Ya'yan fari da yawa sun girma ba su da hoto ko ɗaya a hannun uwarsu, suna kuma tambaya.

Angon ƙarni ma ya shiga. Farar riga ko jallabiya ta isa, ya cire agogo da zobe, ya wanke hannu.

Yayyensa fa? Idan kuma tagwaye ne, ko bakwaini?

Da yayye ake farawa, tun ba su gaji ba, sannan a sallame su. Ɗan shekara 2 ko 3 ba a ba shi jinjiri ya riƙe, a kwantar da su gefe da gefe a katifa, babba na kusa. Mai mura ko tari ya jira wata rana. Tagwaye kan ci lokaci, don da Hassan ya yi barci sai Husaini ya farka, a tanadi mace biyu masu taimako. Bakwaini kuwa sai likita ya ce ya yi ƙwari, ko da zai kai wata biyu.

Maigida na shakkar halaccin hoto, ni kuma ina tsoron kambun baka.

Malamai sun saɓa a kan hoton kyamara. Akwai masu ganin babu laifi, akwai masu ƙyamarsa sai da larura, akwai masu yarda a ɗauka amma ba a rataye a bango ba. Ku bi malamin da kuka natsu da shi. Idan maigida bai yarda ba, ba na zuwa a ɓoye.

Ɗaukar hoto daban, baza shi daban. Kuna iya ɗauka ku ajiye a albam ba wanda ya gani sai na jiki. Idan za ku sa a WhatsApp ko Facebook, ku tuna abin da ya fita ya fita, ba ya dawowa. Kada a haɗa da cikakken suna da ranar haihuwa da unguwa. Ni ba na ɗaukar al'aurar yaro a buɗe ko an ce in ɗauka. Ku kuma gaya wa mai hoto ƙarara ko kun yarda ya sa ɗanku a shafinsa na talla ko ba ku yarda ba, a rubuce, ko da a saƙon waya ne. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ɗora amfani da bayanan yaro a kan yardar iyayensa. Sannan ga addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa Hassan da Husaini ta neman tsari daga shaiɗan da miyagun ƙwari da mugun ido. Ni ma da ita nake buɗe aiki.

Me ya kamata mu sani game da kuɗi da karɓar hotuna?

Kada ku tsaya a jin jimla, ku tambayi abin da ke cikinta. Hotuna nawa za a gyara? Za a wanke wasu a takarda? Firam da albam na ciki? Kuɗin mota fa? Nawa ne kafin alƙalami, kuma yaya za a yi da shi idan an ɗage rana? Kwana nawa kafin a kawo? Gyaran hoton jinjiri na cin lokaci fiye da na biki, amma a sa rana.

Idan za a turo ta WhatsApp, a turo a matsayin fayil, don in an turo yadda aka saba manhajar kan matse hoton, in an zo wanke babba sai ya dushe. Ku adana a wuri biyu, a filashi da kuma intanet. Ku kuma wanke ko da guda biyar ne a takarda. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, ana mance lambar sirri. Hotunan iyayenmu na baƙi da fari da suka rage mana, takarda ce ta riƙe su a ƙasan adaka.

Idan ya yi ta kuka ya ƙi barci har lokaci ya ƙare fa?

Yakan faru, kuma ba laifinki ba ne, ba kuma nonon ne bai ishe shi ba kamar yadda wata za ta yi saurin faɗa. Nakan ɗauke shi a farke a hannunki ko a hannun kaka, in ɗauki 'yan yatsu da kunne da tafin ƙafa yayin da yake shan nono a ƙarƙashin mayafi. Idan kukan ya ƙi tsayawa, sai in naɗe zannuwana in yi sallama, in bar ku ku huta. Jibi da safe in dawo.